Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Kimiyya Da Fasaha

Mai girma Minista,

Tun 1979 Najeriya ke ba masana lambar yabo ta NNOM, amma galibi sai furfura ta cika kai ake kiran mutum Abuja. Kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG, wadda aka fara a 2004, ba don masu tasowa aka ware ta ba. Matashin da ya gama digirin digirgir bara, da malamansa zai kara.

A Amurka kuwa, tun 1996 fadar shugaban ƙasa ke karrama matasan masu bincike a kimiyya da injiniyanci, hukumomi irin su NASA ke gabatar da sunayensu. Irin wannan kyautar muke roƙo, ranka ya daɗe, amma kada ta tsaya ga allon yabo da ɗaukar hoto. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Malamin da ke sayen sinadarai daga albashinsa a Zariya ko Nsukka, kuɗin bincike na shekara biyar yake bukata. Hukumar TETFund na da asusun bincike, a yanko wa matasan masu bincike kaso daga can. A kuma bayyana sunayen alƙalan kyautar, don kada zaɓen ya koma na ɗan wane.

Naka,
wani malamin jami'a.