Saƙon Da Ba Shi Da Jaji

Ya ku 'yan'uwa malamai da iyalanmu na Dinawa da kewaye,

A yau, kafin takardar sanarwa ta taso daga sakatariyar ƙungiya ta iso hannun shugaban makaranta, labarin da ke cikinta ya riga ya zagaye zaurukan WhatsApp na malamai tun daga Achida har Goronyo. Wani lokacin ma babu takardar, labarin ne kawai ya yi fiffike. Wannan sauyi ya riske mu ba tare da mun zauna mun shimfiɗa masa ƙa'ida ba. Muna da tsarin mulki, muna da littafin bayanan taro, muna da ma'aji da sakatare, amma kafar da akasarinmu ke jin labarin ƙungiya ta cikinta an bar ta kara zube. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da reshenmu zai ɗauki zaurensa na waya a matsayin dukiyar ƙungiya, ya ɗora amanarsa a wuyan mutane sanannu, kamar yadda ya ɗora amanar asusunsa.

Tun fil azal, ƙarfin ƙungiya yana cikin yadda 'ya'yanta ke jin juna. An kafa NUT a watan Yulin 1931, Rabaran Ransome-Kuti ne shugabanta na farko. A 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda daga baya ta haɗe da NUT, kuma shi kansa ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru, a tsohon Lardin Sakkwato. Da wasiƙa magabatan nan suka haɗa kan malaman da ke warwatse a larduna, wasiƙar da kan daɗe a hanya kafin ta isa. Sai dai kowace wasiƙa tana ɗauke da kwanan wata da sa hannu, mai karanta ta ya san wanda zai tuhuma idan maganar ta zama ƙarya. Mu mun sami saurin da ba su samu ba, muka saki abin da suka riƙe.

Ba mu kaɗai ne ke amfani da waɗannan kafafe ba, don haka ya kyautu mu dubi yadda ƙungiyoyin sa-kai da suka ci moriyarsu suka yi. Misali mafi kusa da mu yana maƙwabciyarmu Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinariya tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har yara aƙalla 400 suka rasu. An tsabtace ƙauyuka da dama, aka bar Bagega tana jira. Likitocin ƙungiyar MSF sun bayyana cewa ba su iya fara yi wa yaran garin magani sai an kwashe ƙasar da ta gurɓata, domin yaron da aka warkar gida zai koma ya sake shaƙar gubar. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi, kuɗin suka maƙale. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka tayar da gangamin ceto Bagega a Twitter da Facebook, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka mara musu baya. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka shiga aiki. Abin lura a nan, matasan sun taka har garin, sun ɗauko hoto da bayani daga bakin mutanensa, buƙatarsu kuma guda ɗaya ce tak, wadda kowa ke iya maimaitawa: a saki kuɗin da aka alkawarta.

Haka nan ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, ta ɓullo da shirin Tracka a 2014. Jami'anta kan ɗauki jerin ayyukan mazaɓu da ke cikin kasafin kuɗi, su je garin da aka ce za a gina aji ko a haƙa rijiya, su karanta wa mutanen garin abin da aka rubuta da sunansu, sannan su wallafa hoton abin da suka tarar. Ita kuwa UNICEF, da ta kawo shirin U-Report Nijeriya a 2014, ta gina shi ne a kan gajeren saƙon tes na kyauta, domin mai ƙaramar waya ma ya sami bakin magana. Abu uku ne ya haɗa waɗannan misalai: akwai mutum a ƙasa wanda ya gani da idonsa, akwai suna sananne a bayan kowane saƙo, kuma an yi tanadi domin wanda hannunsa bai kai ga babbar waya ba. Duk inda aka cire waɗannan uku, abin da ya rage hayaniya ce.

Hayaniyar kuwa mun san kuɗinta. A watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya ratsa ƙasar nan cikin dare yana umartar mutane su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. 'Yan'uwa ne suka riƙa tada 'yan'uwansu daga barci, cikin ƙauna da kyakkyawar niyya. An rasa rayuka, an kwantar da wasu a asibiti. Babu wanda ya tsaya ya tambayi inda saƙon ya fito, domin daga wayar wanda aka yarda da shi ya shigo.

A fagenmu na koyarwa, ji-ta-ji-ta ta fi samun gindin zama a ratar da ke tsakanin sanarwa da aiwatarwa. A ranar 5 ga Oktoban 2020, ranar malamai ta duniya, gwamnatin tarayya ta sanar da sabon tsarin albashin malamai da ƙarin wa'adin aiki zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Dokar wa'adin ba ta sami sa hannun shugaban ƙasa ba sai a watan Afrilun 2022, shekara ɗaya da rabi bayan sanarwar, kuma bayan dokar ma sai da malamai a jihohi suka jira matakin gwamnatocinsu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, hukuncin da ya shafe mu ƙwarai domin daga kason ƙananan hukumomi albashin malaman firamare ke fita. A cikin watan nan ne kuma aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya haifi saƙonni barkatai: jadawalin albashi marar tambari, ranar biya da babu wanda ya sanar, muryar wani da ba a san ko wane ne ba yana rantsuwa cewa daga sama ya jiyo. Malamin da ya dogara da irin wannan ya karɓo bashin taki, ko ya sa ranar auren ɗiyarsa, ko ya yi sakaci da haɗa takardun ajiye aiki, shi da iyalinsa ne za su kwana da ciwon. Wanda ya tura saƙon tuni ya manta da shi.

Akwai kuma waɗanda zauren bai san da su ba sam. Akwai malamin da ke koyarwa a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Akwai malamar da ke amfani da wayar maigidanta, ba ta ganin saƙo sai ya dawo da dare. Akwai dattijanmu 'yan fansho da idonsu ba ya ɗaukar ƙananan baƙaƙe, da wanda kuɗin data ya gagara a ƙarshen wata. Dukansu 'yan ƙungiya ne, wasunsu ana cire musu kuɗinta kowane wata, wasu sun biya na tsawon rayuwar aikinsu. Mu da muke gabashin Sakkwato mun ma ga ranar da kowa ya zama kamar su. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro, Rabah da Goronyo na ciki, kuma a cikin wannan shirun ne aka kai harin kasuwar Goronyo na 17 ga Oktoba. A makonnin nan duk zaurukan suka mutu murus. Labarin da ya isa inda za shi, da ƙafar mutum ya isa.

Maganin wannan ba sai mun je nesa nemansa ba, yana cikin tarihin ƙasar da muke takawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta yi zama a Sakkwato da Wurno, ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙarni na 19 domin ilimi ya kai ga matan karkara da ba su iya barin gidajensu. Kowane ayari yana da jaji, dattijuwa amintacciya da aka naɗa, aka ba ta malfa alamar izini. Jaji kan jagoranci mata zuwa wurin malama, su hardace karatu, su koma su isar da shi gida gida, su kuma taho da tambayoyin waɗanda aka bari. Matar ƙauye da ta ga malfar ta san daga inda karatun ya fito, ta kuma san wadda za ta koma wa idan wani abu ya shige mata duhu. Tsari ne mai kai saƙo ya kuma dawo da amsa, shi ya sa ya rayu bayan rasuwar mai shi a 1864. Abin da zaurukanmu suka rasa ke nan: saƙonni sun yi yawa, jaji babu.

Saboda haka nake ba da shawarwari biyar.

Na farko, a raba zaure biyu. Ɗaya na sanarwa zalla, a kulle shi yadda sakatare da jami'in yaɗa labarai kaɗai ke iya rubutu, kowace sanarwa kuma ta zo da kwanan wata, da sunan mai ita, da hoton takardar da ta dogara a kanta. Ɗayan ya zama na muhawara, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Duk maganar albashi, ƙarin girma, tantancewa ko yajin aiki da ba ta fito a zauren farko ba, a ɗauke ta zance.

Na biyu, kowace makaranta ko rukunin makarantu ta naɗa jajinta, mace ko namiji, a rubuta sunayensu a littafin reshe. Aikinsu su karanta sanarwa a ofishin malamai, su kai ta ga 'yan fansho da marasa waya, su dawo da ƙorafinsu. A riƙa haɗa kowace muhimmiyar sanarwa da gajeren saƙon murya da Hausa. Ranar da sabis ya ɗauke, wannan jerin sunayen shi ne hanyarmu.

Na uku, mu koyi aikin shaida. Idan iska ta yaye rufin aji, ko ambaliyar Rima ta shiga makaranta kamar yadda yankin nan ya gani a 2010, jaji ya turo hoto, da rana, da sunan makaranta, da yawan azuzuwan da abin ya shafa. Reshe ya tattara ya kai ga kwamitin kula da makaranta, da sakataren ilimi, da hukumar SUBEB, sannan ya dawo ya faɗa wa 'yan ƙungiya amsar da aka ba shi. Koke mai hujja ya fi zagi ɗari nauyi a teburin hukuma.

Na huɗu, mu yarda a kan abin da ba a sakawa. Fuskoki da sunayen ɗalibai amana ce a hannunmu. Lokacin fitar malamai da hanyar da suke bi ba abin shela ba ne a yankin da tsaro ya taɓarɓare, domin zaure mai mutum ɗari biyu kasuwa ce, ba a san kunnen da ke saurare ba. Takardar albashi, lambar BVN, da lambobi shida da WhatsApp ke turowa, kada a ba kowa su, ko da ya zo da sunan shugaban ƙungiya. Tallar 'yan takara kuma a bar ta a ƙofa.

Na biyar, hukunci ya ci gaba da zama na taro. A tattauna a waya, a yanke a zaure na ƙasa, inda ake ƙirga hannuwa a rubuta a littafi.

Na san wasu za su ce wannan takunkumi ne, shugabanni za su fake da shi su toshe bakin masu suka. Tsoron yana da tushe, shi ya sa zauren muhawara zai kasance a buɗe, kuma kada a fitar da kowa daga cikinsa don ya soki shugabanci. Hasali ma nauyin ya fi faɗawa kan shugabannin, domin shirunsu shi ne takin ji-ta-ji-ta. Idan magana ta tashi, wajibi ne sakatare ya fito a ranar ya ce gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko kuwa takarda ba ta iso ba tukuna. Wannan amsa ta uku ma amsa ce, kuma ta wadatar ta hana malami cin bashi a kan iska.

Wasu kuma za su ce tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsada, hanyoyi ba su da aminci, me zai hana a mayar da komai waya? Gaskiya ne waya ta rage mana tafiye-tafiye da yawa, kuma mun gode. Amma Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Ana iya rage yawan taruka, a riƙa yin su rukuni rukuni a wurare mafi kusa, jajoji su haɗa sakamakon. Ƙungiyar da 'ya'yanta ba su san fuskokin juna ba, ranar gwagwarmaya ba za ta tara kowa ba.

Ina roƙon shugabannin reshe su sanya wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa, a fito da ƙa'idar da ba ta wuce shafi ɗaya ba, a karanta ta a kowace makaranta. Kafin nan, akwai abin da kowannenmu ke iya farawa yau, har da iyalanmu da ke riƙe da wayoyinmu a gida. Mu ne ke hana ɗalibi kwafar amsar da bai san asalinta ba. Idan saƙo ya shigo, kafin yatsa ya kai ga tura shi, mu tambaye shi abin da matan karkara ke dubawa a kan mai ɗauke da karatu: wa ya aiko ka, ina malfarka?

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya ba yankinmu zaman lafiya.