Zancen wata: Waya doki ce, sai da linzami

 A wanga wata za mu tattauna bisa wayar talho, wadda yanzu ta shiga aljihun babba da yaro, da kuma hukumar da gwamnati ta kafa don ta sa mata ido.

Manyanmu ba su manta ba. A da, in mutum yana son magana da ɗanshi da ya tafi cin rani Abijan ko Ikko, sai ya nemi mai rubuta mishi wasiƙa, ko ya ɗauki murya cikin kaset ya ba direba. Amsa takan yi wata guda ko biyu bisa hanya. Labarin rasuwa kuwa, sau da yawa sai cikin sanarwar gidan rediyo. Talho yana gidan waya da ofisoshin gwamnati na manyan garuruwa. Har wajen shekara ta 2000, cikin mutum 1.000 a Nijar, da ƙyar a samu layi 2.

A 1997 aka kafa kamfanin SONITEL. A 2001 aka sayar da fiye da rabinshi ga wasu kamfanonin Sin da Libiya. Cinikin bai yi albarka ba. A 2012 gwamnati ta maido shi hannunta, a 2016 kuma aka haɗa shi da SahelCom, suka zama Niger Telecom. A 2001 ɗin nan ne wayar salula ta fara yaɗuwa. Celtel ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov. Orange ya zo a 2008, an sayar da shi a 2019, shi ne ya koma Zamani. Ke nan kamfani 4 ke neman kuɗin mai waya.

Amfanin waya ba ɓoyayye ba ne. Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi cikin kasuwannin ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda waya ta iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa mai sauƙi ne: ɗan kasuwar Damagaram yana jin kuɗin buhu a Maraɗi kafin ya yi wa mota lodi. A 2010, bayan fari, wata ƙungiyar agaji ta aika tallafin kuɗi ta waya cikin wasu ƙauyukan jahar Tawa, mata suka huta da doguwar tafiya da jiran layi.

To amma mu tuna, kamfani ɗan kasuwa ne. Kafa eriya guda kuɗi ne masu yawa. Tana son wuta dare da rana, ko ta inji ko ta hasken rana, tana son mai gadi, tana son mai gyara. Don haka kamfani yakan fara da birni da bakin kwalta, inda masu sayen kati suke da yawa. Ƙauyen da ke nesa da rugar makiyaya sai su zo ƙarshe. Shi ya sa har yau akwai inda sai mutum ya hau tudu kafin ya samu rezo. Akwai kuma inda magana ke yankewa, kuɗi kuwa sun tafi.

A nan ne aikin linzami yake. A 1999 aka yi dokar kafa hukumar ARM, mai sa ido ga waya da wasu sassa kamar ruwa da lantarki. A 2012 aka ware ARTP don waya da gidan waya kaɗai. A 2018 ta zama ARCEP. Hukumar ce ke duba ko kamfani ya cika alkawarin da ya ɗauka sa'ad da aka ba shi izinin aiki. Ita ke tilasta kamfanoni su haɗa layukansu, don mai Airtel ya iya kiran mai Moov. Ita ke auna kyawun rezo, ta sa ido ga farashi, ta ja kunne, in ba a ji ba ta ci tara. A 2023 ta ci kamfanonin nan 4 tarar da ta haura miliyar 4 na sefa saboda rashin kyawun aiki. Doka kuma ta tanadi wani asusu da kamfanoni ke zuba kuɗi ciki, don a kai waya wuraren da babu riba.

Sai dai tara ba ta kafa eriya, kuma hukuma tana Yamai. Ba ta jin kukan da aka yi a gindin bishiya aka watse. Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyanmu.

Na farko, kowa ya yi rajistar layinshi da sunanshi da takardarshi. A 2013 an yanke layuka fiye da miliyan guda don ba a san masu su ba. Kada ka ba wani takardarka ya sayi layi da ita. In ya yi ɓarna, kai za a nema.

Na biyu, in an ci maka kuɗi ba dalili, ka riƙe ranar da adadin kuɗin, ka kira kamfanin. In ba a share maka hawaye ba, kana da ikon kai kuka ga ARCEP.

Na uku, in garinku ba rezo, ku taru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku rubuta takarda da yawan mutanen gari, da ranar kasuwa, da makaranta da gidan likita in akwai. Mai gari ya sa hannu, a kai wa magajin gari, ya tura gaba. Ku aje kwafi guda, ku koma tambaya.

Na huɗu, lambar sirri ta kuɗi, sirri ce. Wanda ya kira ka ya ce ka ci kyauta, ka faɗa mishi lambar ko ka fara aiko da wani abu, ɓarawo ne. Ka kashe waya.

Na biyar, a koma ajin yaƙi da jahilci. Wanda bai iya karatu ba, sai ya miƙa wayarshi ga wani ya karanta mishi saƙo, ya kuma ga abin da ke cikin asusunshi. A jahohin Doso da Damagaram, wajen 2009 da 2010, an gwada koyar da manya karatu tare da waya, kuma sun fi riƙe abin da suka koya.

Ga kaka na zuwa. Ɗan kasuwa ya daɗe yana cin moriyar waya. Kafin ka kwance bakin buhu, kai ma kira kasuwa biyu ko uku ka ji kuɗin tiyar hatsi da ta wake. Kati na dala ashirin yana iya tsare maka jikka guda.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.