Mai son barin aiki ya koma kiwo da saƙa, ga shawararmu

Jama'ar Tsanyawa da kewaye, muna jin labarin ma'aikata a Amurka da Ingila suna ajiye aikin albashi su koma kiwon wata dabba wai ita alfaka, suna kaɗa gashinta suna saƙa. Har wasu samarinmu sun soma marmari. To, ku sani alfaka dangin raƙumi ce, asalinta duwatsun ƙasar Feru masu sanyi, sau ɗaya ake yi mata aski a shekara. Zafin bazararmu ba nata ba ne. Tumakinmu kuwa, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi gare su, ba ulu ba.

Amma niyyar ba ta da laifi, mun yaba. Abin da muke cewa shi ne a yi da abin da ƙasa ta ba mu. Jar akuya wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye take haifa, fatarta kuma ita ce majema da dukawa ke nema, ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko. Ga auduga da rama da kaba. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi burge shi cinikin tufafin saƙarmu da rininmu ne.

Sai dai a yi lissafi. Nan ƙasar tamu gona ta haɗe da gona, babu makiyaya, da damina dabba a turke take kwana take wuni. Wanda bai tara harawa da karmami da dusa tun da kaka ba, kafin ruwa ya sauka zai kai awakinsa kasuwar Dambatta ran Lahadi ya sayar a wulaƙance. Masaƙi kuma ba zai iya ja da yadin Sin na Kantin Kwari wajen araha ba. Ya saƙa gwado da luru da saƙi, irin wanda inji ba ya yi, ya sami mai saye tun zare bai hau masaƙa ba.

Saboda haka kada a saki reshe a kama ganye. A fara da akuya uku ko huɗu albashi na shigowa, a zauna gaban tsohon masaƙi a koya. In kiwo ya ciyar da gida shekara guda cur, sannan a rubuta takardar barin aiki.