Harhaɗa Ƙwarangwal ɗin Dabbobi: Sha'awar da ta Dace da Malami

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ɗauki tsabtace ƙasusuwan dabbobi da harhaɗa su a matsayin aikin sha'awa, kamar yadda wani kan yi kiwon tattabaru ba don neman kuɗi ba. Sukan raba ƙashi da nama, sannan su mayar da kowace gaɓa mazauninta, har ƙwarangwal ya tsaya da ƙafafunsa. A ƙasar Hausa kuwa, duk wanda aka ga yana tara ƙoƙunan kan dabbobi, ba a rasa mai zarginsa da tsafi ko taɓin hankali. Ya kamata masu shirin zama malamai su sake duban wannan zargi, domin yana hana makarantu kayan koyarwa masu arha.

Makarantu da dama ba su da ɗakin gwaje-gwaje, sai dai malami ya yi zane a allo. Amma gani ya kori ji. Yaron da ya riƙe ƙoƙon kan rago zai ga cewa ba shi da haƙoran gaba a sama, sai faffaɗan turame na niƙa ciyawa a ciki. Idan aka ajiye na kyanwa kusa da shi, fiƙoƙinta kaɗai sun isa su bayyana bambancin mai cin ciyawa da mai cin nama. Zai kuma ƙirga ƙasusuwan wuyan akuya ya samu bakwai, adadin da ke wuyan ɗan Adam da na raƙumin dawa. Malamin Hausa ma yana da rabo, don kalmomi irin su haƙarƙari da muƙamuƙi da allon kafaɗa da ƙwauri sun fi zama a kan ɗalibi idan ya taɓa abin da suke nufi.

Aikin ya fi bukatar haƙuri a kan kuɗi. Bayan an kankare nama, akan jiƙa ƙasusuwan a ruwa mai ɗumi cikin rufaffen bokiti, nesa da ɗakuna, na wasu makonni, har sauran naman ya ruɓe ya saki. Manyan gidajen tarihi sukan bar wa wani ƙwaro wannan aiki, dangin wanda ke cinye busasshen kifi da fatu. Daga nan sai a yi ta jiƙawa da ruwan sabulu don fitar da maiƙo, sannan a haskaka ƙashin da haidurojin farokisaid, irin wanda ake wanke rauni da shi. Tafasawa takan tsattsaga ƙashi da haƙora, ruwan bilic kuma yakan sa ya riƙa marmashewa. Idan ya bushe, sai a haɗa gaɓoɓi da siririyar waya da gam.

Masu ƙyamar aikin suna da hujja ta fuska biyu. Ta farko ita ce lafiya. Mushen da ba a san sanadin mutuwarsa ba yana iya ɗauke da cutar antaraks, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a 2023. Don haka a tsaya ga dabbar da aka yanka, kamar ragon layya ko abin da ya fito daga mayanka, a kuma sa safar hannu. Ta biyu ita ce ɓarnar namun daji. Tun 2015 aka sanya ungulun da aka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta na cikin dalilai. Bai halatta a kashe wata halitta don kawai a ƙawata kanta da ƙashinta ba.

Waɗannan hujjoji sharuɗɗa ne da za a kiyaye, ba su kai a yi watsi da aikin ba. A gidan tarihi na Yamai, wanda aka kafa a 1959, jama'a na zuwa kallon ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin da suka shuɗe miliyoyin shekaru, waɗanda aka tono a hamadar Nijar. Da babu masu haƙurin goge ƙashi da jera shi, da wannan ilimi yana binne har yau. Malamin da ya tsince ƙasusuwan ragon layya kafin su kai juji, ya tsabtace su ya kai aji, aikin da yake yi ke nan daidai ƙarfinsa.