Admin, kulle guruf ba shi ne tace saƙo ba

Duk wanda ke da waya a Kamarawa ko Isa ko Sabon Birni yana cikin guruf ɗin WhatsApp na labarin tsaro, ko da guda ɗaya ne. Nan ake jin ko hanyar Shinkafi ta biyu yau, ko an ga babura a wane daji. A wajenmu wannan ba hira ba ce, da shi mutum ke yanke shawarar fita gona ko zama gida.

Wani dare aka jefo saƙon murya a namu, mutum yana haki yana cewa “sun fito”. Bai faɗi gari ba, bai faɗi lokaci ba. Mata suka goya yara aka kwana a waje. Da safe aka gano saƙon ya yi wata da watanni yana yawo, daga wata jiha ma ya fito. Admin ya fusata ya kulle guruf, ya zama shi da mutum biyu kaɗai ke iya magana. Bayan kwanaki wani ɗan kabu-kabu ya ga abin da ya kamata kowa ya sani a kan hanya, ya buɗe waya, ba wurin rubutu. Admin ɗin kuma wayarsa na wurin caji.

Ban zarge shi ba, WhatsApp ɗin ne ya ba shi ƙofa biyu kawai, ko kowa ya yi magana ko kowa ya yi shiru. Amma mun san ɗanɗanon irin wannan maganin. A watan Satumba na 2021 aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanyar magana. An toshe su, an toshe mu tare. Wanda ke kusa da iyaka ya nemi layin Nijar, saura suka koma aike da baki. Admin da ke kulle guruf, abin nan yake maimaitawa a ƙaramin wuri.

Lokacin da nake koyon haɗa manhaja na fara wasa da uwar garken imel, wato kwamfutar da saƙo ke fara sauka a kanta kafin ya isa ga mutane. Abin da ya burge ni shi ne amsarta uku ce ba biyu ba: ta karɓa, ta ƙi, ko ta ajiye saƙon gefe sai mutum ya duba. Kuma idan ta ƙi, tana mayar wa mai saƙon da dalili. Wannan ƙofa ta uku ita ce babu a guruf ɗinmu.

Kada ku jira kamfanin ya tace muku. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, na'urorin kamfanin ba sa karanta abin da ke ciki, balle su gane tsohon saƙon murya da Gobiranci. Abin da suka iya shi ne rage gudun yaɗawa: a 2019 suka taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da aka tura sau da yawa, mai alamar kibiya biyu, sai wuri ɗaya. Ya taimaka, amma guruf ɗaya ai ya isa tayar da gari.

To a gina ƙofar da hannu. Guruf biyu za a yi. Na farko ƙarami, na shigo da labari, kowa a cikinsa yana iya magana, amma ba mai shiga sai wanda aka san fuskarsa da gidansu: direbobi, 'yan kabu-kabu, masu shago a bakin hanya, mutum ɗaya ko biyu daga kowane ƙauye. Tun 2023 akwai saitin da ba mai shiga ta mahaɗi sai admin ya amince. A kunna shi. Mahaɗin da ya fita hannu bai san ɗan gari da mai kai rahoto daji ba. Na biyu babba, na sanarwa, admin kaɗai ke rubutu, kuma abin da aka tabbatar ne kawai ke hayewa can.

Ƙa'idar ba ta buƙatar tsawo. Saƙon da ya faɗi wuri da lokaci, kuma mai shi ya ce da idonsa ya gani, ya wuce nan take. Na “an ce”, da duk mai alamar turowa, a riƙe shi har a buga wa wani a wurin waya. Hoton gawa da ambaton sunan wani a matsayin infoma, a goge. Tun 2022 admin na iya goge saƙon kowa. A nan na fi tsauri, domin suna ɗaya da aka jefo bisa zato kan iya jawo a kashe mutum kafin asuba. Sannan a bi wanda aka goge wa ta gefe a faɗa masa dalili, in ba haka ba gobe ya ga abu da gaske ya ce ina ruwana.

Na san za a ce riƙewa ɓata lokaci ne, kuma a irin wurinmu minti biyar ba wasa ba ne. Gaskiya ne, akwai ranar da jinkirin zai yi mana tsada. Shi ya sa na bar wa ganau ƙofa a buɗe, jiyau kawai nake tsayarwa. Guruf ɗin da ya tayar da mutane a banza sau uku kuwa, a na huɗu ba wanda zai tashi daga shimfiɗa.

Abin da ya rage shi ne yawan admin. Uku ba su isa ba. A samu aƙalla shida, a raba musu dare da rana, kada duk su kasance a kan layin kamfani ɗaya, kuma a samu ko mutum biyu a cikinsu da ke da sola a gida.