Kuɗin Kwalba da Kayan Gwanjo

Jama'a, duk mun san kuɗin kwalba. A Nima ko Maamobi, in ka sayi Fanta za ka tafi da ita gida, mai kanti yakan riƙe ɗan jingina har ka maido masa da kwalbarsa. Shi ya sa ba ma ganin kwalabe zube a kwata.

To, yaya batun tufafi? Tun 2013 kantunan H&M suke karɓar tsofaffin kaya, su ba mai kayan takardar rangwame. Faransa kuwa tun 2007 ta ɗora wa masu sayar da sababbin tufafi kuɗin kula da tsummansu. Amma kwalba tana komawa masana'anta, ita riga jirgin ruwa take biyowa. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shiga Kantamanto kowane mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma shara ne. Kuɗin yana Turai, tsumman yana tafkin Korle. 'Yan'uwanmu kayayei su ne ke ɗaukar dila mai kilo 55 a ka.

Kiranmu ga hukuma shi ne ta matsa kuɗin ya biyo kayan. Mu ma da namu aikin. Telolinmu sun iya gyara, tsumma kuma yana cika matashin kai. Kada mu jefa shi a kwatar Nima, domin Odaw take nufa, kuma ba mu manta ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ba.

Allah Ya kiyaye mu, amin.