Daga rariya zuwa wariya: tafiyar kalmar "discrimination"

Kalmar Ingilishin nan da masu fassarar labarai ke mayarwa "nuna wariya" ba da laifi ta soma ba. Tushenta Latin ne: discriminare, rarrabewa, wadda ta samo asali daga dis-, rabuwa, da cernere, tankaɗe. Daga wannan jijiya Romawa suka sami cribrum, sunan rariya a harshensu. Tun farko dai aikin madafi ne: gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

Da wannan ma'ana ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17, har ta zama kalmar yabo. Wanda aka kira discriminating mutum ne mai ido, wanda ba a sayar masa da jabu. Ma'anar zalunci ta yi ƙarfi ne a Amurka bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, sa'ad da 'yantattun bayi suka zama 'yan ƙasa a takarda, masu mulki a kudu kuma suka shiga neman dabarar ware su ba tare da ambaton launinsu ba.

Akwai masu fakewa da wannan tarihi, suna cewa ai kalmar bambancewa kawai take nufi, kuma kowa na bambancewa. Hujjar ba ta da nauyi. Asalin kalma ba ya wanke aikin da ake yi da ita. Abin tambaya shi ne wa ya saƙa rariyar, da kuma wanda ya nufa ta tare.

Jihar Louisiana ta isa misali. Tsarin mulkinta na 1898 ya gindaya sharaɗin iya karatu da rubutu, ko mallakar dukiyar dala 300, kafin mutum ya yi rajistar zaɓe. Babu batun launi a ciki. Sai aka ɗauke sharaɗin ga wanda shi, ko mahaifinsa, ko kakansa, ke da ikon zaɓe tun farkon 1867, lokacin da baƙar fata ba su da shi a jihar. Bature jahili ya wuce albarkacin kakansa, jikan bawa ya tsaya. A 1896 baƙar fata fiye da 130,000 ne ke da rajista. A 1904 saura 1,342.

Kotun ƙolin Amurka ta soke irin wannan rangwamen kakanni a 1915, a wata shari'a daga Oklahoma. Jarrabawar karatun kuwa ta ci gaba da tankaɗe masu zaɓe a kudu har dokar 'yancin zaɓe ta 1965.